Gida Mai Lamba Goma Sha Bakwai

A dutsen kabarin kakan babana, can Nebraska,
inda masara ke tsayuwa har bakin makabarta,
an sassaƙa suna, da shekaru biyu, da ɗan layi a tsakaninsu.
Daga ƙasa, inda gansakuka ta cinye rabin harafi,
kalma ɗaya: Lhota.

Na goge ta da buroshin haƙori da ruwan gora.
Na ce shi ke nan, ga inda aka binne cibiyarsa.

Da dare na shimfiɗa taswira.
Ga Lhota a arewa, ga Lhota a kudu,
ta kan tudu, ta bakin daji, babba da ƙarama,
na yi ta ƙirga har barci ya ƙwace lissafin.
Ashe barbaɗa sunan aka yi a ƙasar, kamar gishiri.

Takardar jirgin ruwa ta ce Ostiriya,
faɗin da ya isa ya haɗiye mutum har da akwatinsa.
Mai ƙidaya ya rubuta Bohemiya,
wani ya zo bayan shekara goma ya ce Jamus.
Sunan ma bai tsira ba:
Vrzal ne ya shiga ofis,
Versal ya fito, hula a ƙirji, yana godiya.

Goggo Albina, casa'in da ɗaya,
ba ta tuna abin da ta karya da shi yau,
amma ta ce, ai kullum zancensa wani tafkin kifi ne,
da ƙararrawar coci da ta tsage,
mai kuka kamar tunkiya mai mura.
Ta yi dariya, ta koma gyangyaɗi.

Allura cikin ruwa ke nan.
Hunturu uku ina bin littattafan baftisma
shafi bayan shafi a fuskar kwamfuta,
hannun limaman coci da suka daɗe da zama ƙasa,
wannan rubutunsa tafiyar tururuwa,
wancan tawada ta zube masa a kan iyali guda.

Wata Talata, shayina ya huce ban sani ba:
Kašpar, ɗan Vavřinec Vrzal, masaƙi, da Apolena.
Gida mai lamba goma sha bakwai.
A shafukan gaba ƙannensa huɗu,
uku da ƙaramin gicciye a gefen suna.
Ba wanda ya taɓa faɗa mana.
Wataƙila shi ma bai faɗa wa kowa ba.

Bas ta sauke ni ni kaɗai, da yayyafi.
Tafkin yana nan, ya fi na cikin kaina ƙanƙanta.
Gidan an yi masa sabon rufi,
keken yaro kwance a ƙofa, kare yana cika baki.
Makabarta ba Vrzal ko ɗaya,
wasu sunaye sun hau gurbinsu tuntuni.
Sha biyu ta buga, ƙararrawa ta yi kuka
tas, ba tsaga, ba mura,
sai na ji wani haushi da ban san wa zan kai wa ba.

Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga, Blažena.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata.
Na miƙa hoto, na gwada sunan uban Kašpar,
harshena ya harɗe a tsakiya, ta gyara mini sau uku,
ta haƙura, ta cusa mini tuffa biyu a aljihu.

Sannan ta nuna ni da yatsa: ke fa, daga ina?
Na ce Nebraska.
Ta juya kalmar a baki kamar ƙwallon da ba ta taɓa tsotsa ba,
ta shiga ciki, ta fito da tabarau
da tsohuwar taswirar jikanta ta makaranta,
ta duƙa tana neman garinmu,
ruwa yana ɗiga a kan tekun da ke tsakani.